Rowan Atkinson

Rowan Sebastian Atkinson ɗan wasan kwaikwayo ne kuma ɗan barkwanci daga Ingila, wanda duniya ta fi sani da Mr. Bean. An haife shi ranar 6 ga Janairu 1955 a garin Consett. Ya karanci injiniyancin lantarki a Jami'ar Newcastle, sannan ya yi digiri na biyu a Oxford, inda ya haɗu da marubuci Richard Curtis, abokin aikinsa na tsawon shekaru.

Ya fara yin suna a shirin BBC mai suna Not the Nine O'Clock News (1979 zuwa 1982), daga nan sai Blackadder (1983 zuwa 1989), inda barkwancin ya dogara ga kaifin harshe da baƙar magana.

Mr. Bean ya fara fitowa a tashar ITV ranar 1 ga Janairu 1990, kuma kashi 15 kacal aka yi zuwa 1995. Bean babban mutum ne mai halin yara, da wuya ya buɗe baki. Da fuska da motsin jiki yake ba da dariya, abin da ya sa shirin ya karɓu har wurin waɗanda ba sa jin Turanci. An fitar da fina-finai biyu a kansa, a 1997 da 2007.

Atkinson ne ya yi muryar tsuntsu Zazu a The Lion King (1994), ya kuma fito a matsayin ɗan leƙen asiri maras dabara a fina-finan Johnny English (2003, 2011, 2018). A 2012 ya yi wasa a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan.