Sunan Heinrich da Baƙon da Ya Ratsa Zamfara

Heinrich suna ne na maza wanda ya daɗe ƙwarai a ƙasar Jamus. Masana harshe sun nuna cewa kalmomi biyu aka haɗa aka yi shi, ta farko tana nufin gida, ta biyu kuwa tana nufin mai iko. In da Bahaushe ne ya raɗa shi, da Maigida kawai zai ce. Sai dai a wajenmu maigida laƙabi ne na girmamawa, wanda matar aure kan sakaya sunan mijinta da shi don kunya, su kuwa Jamusawa suka mai da shi sunan yanka.

Sarauta ce ta yaɗa shi. A shekarar 919 aka naɗa Heinrich na Ɗaya, bayansa sarakuna da dama suka ɗauki sunan, har talakawa suka bi sahu. Da ya ƙetara ƙasashe sai kowane harshe ya lanƙwasa shi yadda ya ga dama: Faransawa suka ce Henri, Ingilishi suka ce Henry, sarakunansu takwas suka amsa shi.

To, abin da ya haɗa sunan nan da ƙasarmu shi ne Heinrich Barth, mutumin Hamburg, wanda aka haifa a 1821. Ya shiga Kano a 1851. A 1853 ya tashi daga Katsina ya ratsa Zamfara ta Zurmi, arewa maso gabas da Anka, lokacin da hanya ba ta da lafiya saboda harin Gobirawa, ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu. Amma duk tafiyar nan ba da sunan Heinrich ya yi ta ba. Abdulkarim ya kira kansa, wato bawan Mai Karimci, ko da yake a Hausa bai ɓoye cewa shi Kirista ba ne. Wannan dabara ce ta matafiyi, gama sunan da baki ya saba da shi ya fi saurin buɗe ƙofar zaure. Mai suna Maigida, da ya zama baƙo, sai ya zaɓi sunan bawa.

A 1855 ya koma Turai tare da Dorugu, yaro Bahaushe, wanda daga bakinsa Schön ya rubuta yawancin labaran Magana Hausa. Barth ya rasu a Berlin a 1865.