Rufe Iyaka da Fatan Mutanen Tozai Game da Makomar Nijeriya

A wannan sashe za a duba yadda rufe iyaka ya shafi fatan da mutanen Tozai, cikin ƙaramar hukumar Illela, suke yi wa ƙasarsu. Rayuwar yankin ta dogara ne ga noma da kiwo da kuma cinikayya da Birnin Ƙonni ta Nijar. Gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar a 1984, ana tsakiyar fari, ba a buɗe ba sai 1986, shekarar da shirin SAP ya karya darajar naira. An sake rufe ta a 2019 da 2023. Bisa ga haka, za a iya cewa kyautata zaton talakan wannan yanki ya fi rataya ga albarkar damina da buɗewar hanyar Ƙonni fiye da alkawuran gwamnati.