Meclofenamate da dajin da ya bazu zuwa ƙwaƙwalwa

Meclofenamate tsohon maganin ciwon gaɓoɓi ne, dangin diclofenac. A 2016, masu bincike a cibiyar Memorial Sloan Kettering ta Amurka sun gano cewa dajin nono da na huhu, in suka kai ƙwaƙwalwa, sukan buɗe 'yan ƙofofi zuwa ƙwayoyin da ke kula da jijiyoyi, su sami kariya. Maganin ya toshe ƙofofin a jikin ɓeraye. A mutane kuwa, gwaji ne har yanzu.

Kada a sayi danginsa a kemis don wannan. Suna jawo gyambon ciki, suna lalata ƙoda. Mai daji a Kakuri ko Barnawa da ya fara ciwon kai da amai, ko farfaɗiya, a gaggauta kai shi asibiti a ɗauki hoton kansa. Likita na iya tura shi sashen daji na asibitin koyarwa na Shika.