Girkin gidajenmu na Arewa: yadda ake rubuta shi da inda ake ajiye shi

Masu saurarenmu na ƙauyuka da ƴan uwa mazauna Yamai, Kwatano, Legas, Abijan da Faransa, tambayar da ta fi dawo mana a kan abinci ita ce: "Yaya tsohuwarmu take yin kaza?" Sau da yawa mai tambayar ta makara, tsohuwar ta riga mu gidan gaskiya, ko ƙarfinta ya ƙare. A nan ƙasar Arewa, daga Matankari da Dan Kasari har Tibiri, Dumega da Gesheme, girki ba a takarda yake ba. A hannu yake, ɗiya na koyonsa tsugune kusa da murhu. Yanzu kuwa ɗiyan suna lakkol, ko aure ya kai su birni. Shi ya sa muka tattara abin da ya kamata gida ya sani in yana son ya ajiye nasa girkin.

Da me za a fara? Mu dai shawararmu, kada a fara da tuwo da miyar kuka, waɗannan ba su kusa ɓacewa ba. A fara da abin da mutum ɗaya ko biyu kaɗai suka iya a gidan. Beruwa, alal misali, wadda aka san Dogon Dutsi da ita har Yamai: garin wake ne ake murzawa ya zama ƙananan ƙwayoyi, a dafa, a shanya, ta yi watanni ba ta lalace ba. Faɗinta da baki sauƙi gare shi, amma laushin garin, yawan ruwan da ake yayyafawa da yadda tafin hannu ke juyawa cikin ƙwarya, nan ne gwaninta take. Haka daudawar batso da ake yi da ƴaƴan yakuwa: kwana nawa ake rufe ta, wane wari ne ke nuna ta nuna?

Sai abincin shekarun wuya, wanda mutane ke jin nauyin ambatonsa. A yunwar 1984, da kuma ƙarancin abinci na 2005, gidaje da dama a Nijar da anza suka rayu. Ƴaƴan anza ɗaci gare su ƙwarai, kuma suna cutarwa in ba a gyara su daidai ba. Sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Wanda bai taɓa gani ba, ba zai san lokacin da suka yi ba. Wannan ilimi ba abin kunya ba ne, kuma ba mu san shekarar da za a sake bukatarsa ba. A rubuta shi daga bakin waɗanda suka yi da hannunsu, tare da yadda ake gyara yaɗiya, tafasa, jiga da gasaya.

Babbar matsalar rubuta girki ita ce awo. Ka tambayi inna kanwa nawa take sa wa ɗan wake, sai ta ce maka "ɗan kaɗan". Ba ɓoyewa take ba, hannunta ne ya sani. Dabarar ita ce a zauna da ita ranar da take girkin, duk abin da ta ɗebo a tare shi kafin ya shiga tukunya, a zuba a ma'auni. Ma'aunai huɗu sun isa, kuma kowane gida na da su: tiya, ƙaramin gwangwanin tumatir mai giram 70, kofin shayi da ludayi. Abin da ya yi ƙanƙanta, kamar kanwa, a kwatanta shi da abin da kowa ya sani: girman ƙwayar gujiya, ko girman dabino.

A kula da tiya. Tiyar hatsi takan kai kilo biyu da rabi, amma kwanon wata kasuwa ba ɗaya yake da na wata ba, kuma nauyin gari daban da na tsaba. Ƴar uwarmu da ke Faransa ba ta da tiya, sikeli gare ta. Don haka a kai kwanon gidan wurin mai sikeli sau ɗaya, a auna, a rubuta nauyin a shafin farko na littafin. An gama da wannan ke nan.

Lokaci ma haka. "Minti talatin" ba ya nufin komai tsakanin mai itace da mai gas. Abin da ya fi amfani shi ne alama: har mai ya taso sama, har ƙamshin daudawa ya sauya, har dambu ya daina manne wa yatsa. A rubuta alamar da kalmomin mai girkin, ko da Hausar ƙauyensu ce. Kada a gyara mata "hura" ta koma wani abu.

Kowane girki ya samu shafinsa shi kaɗai. A sama a sa sunan abincin, sunan wadda ta koyar, ƙauyenta da shekarar da aka rubuta, sannan mutum nawa girkin ke ciyarwa. A bar bayan shafin fari, don wata rana wata za ta ƙara nata. In miyar yakuwar kishiyoyi biyu ta bambanta, a rubuta duka biyun, kowace da sunan mai ita. Ba aikin littafi ba ne ya raba gardama.

Wajen tsari, littattafan girkin Turawa suna raba abinci da farko, tsakiya da kayan zaƙi. Wannan bai dace da mu ba. Abin da muka ga ya fi sauƙin nema shi ne a bi abin da ke rumbu da kuma lokacin shekara: ɓangaren hatsi da dawa, ɓangaren wake da gujiya, miya da ganyen damina, sai kayan lambun rani na fadamun Dallol Mawuri, inda dankalin turawa ya zama abin alfaharin Dutsi. A ware wuri na musamman ga abincin azumi da salla, na suna da biki, da kunun mai jego da abincin yaye. A lamba shafuka, a bar biyu na farko don jerin sunaye.

Littafin ƴan lakkol mai kauri ya isa. A yi rubutu da biro, ban da tawadar allo, don ɗigon ruwa ɗaya na wanke ta. Boko ko ajami, duk wanda mai rubutun ya fi iyawa. Maƙiyan takarda a wurinmu sanannu ne: gara, ɗigar ɗaki tsakanin Yuni da Satumba, ɓera, da hayaƙin madafa. A sa littafin cikin leda, a saka shi a akwatin ƙarfe, akwatin kuma a ɗora bisa dutse ko bulo, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Kada a ajiye shi inda ake girki. Ranar da ake bukata, a kwafi girkin a ƴar takarda a tafi da ita.

Ga waɗanda ba su yi karatu ba, salula ta kawo sauƙi. A ɗauki muryar tsohuwa tana bayani, ko bidiyon hannunta tana murza beruwa, wanda ya fi shafi goma. Amma a fara kowace murya da faɗin sunan abincin da na mai magana, in ba haka ba bayan shekara ba wanda zai gane ta cikin ɗaruruwan saƙonni. Kuma WhatsApp ba rumbu ba ne. Waya na faɗawa rijiya, ana sace ta, ana sauya lamba, komai ya tafi. A kwafe muryoyin a katin memori, a tura wa mutum biyu na dangi da ke garuruwa daban. Littafin ma a ɗauki hoton kowane shafi a tura musu.

Ƴan uwa na waje, ga naku aikin. Ku ne ke da waya mai sarari da intanet mai ƙarfi, don haka ku riƙe kwafi na biyu. In kun sauya wani abu saboda babu shi inda kuke, kamar alayyafo a madadin wani ganyen gida, ku rubuta a gefe cewa sauyi ne, kada jikoki su ɗauka haka asalin yake. Lokacin da ya fi dacewa da zaman rubutun shi ne bayan kaka, an kai amfanin gona rumbu, ga sabon wake da gujiya a gida, uwaye mata kuma sun ɗan samu sararin zama.