Alheri da Tukwici: Nazarin Koyarwar Kirista a Kan Jinƙan Allah Ta Mahangar Al'adar Hausawa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba kalmomin "alheri" da "jinƙai" kamar yadda Littafi Mai Tsarki na Hausa ya yi amfani da su, tare da alaƙarsu da rayuwar aminci. An bi hanyar nazarin ma'anar kalmomi da kwatanta nassi da al'ada. Binciken ya gano cewa al'adar tukwici tana iya warware wani tsohon ruɗani: yadda ceto yake kyauta, amma kuma ake bukatar mai bi ya gyara halinsa.

1.0 Gabatarwa

Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya taka muhimmiyar rawa a cikinsa, kalmar "alheri" ta zauna a matsayin fassarar kalmar Girkanci charis, "jinƙai" kuma ta ɗauki nauyin eleos. Sai dai kafin mafassara su taɓa su, kalmomin nan suna da ma'anarsu a bakin Bahaushe. Tambayar wannan nazari ita ce: me mai sauraro yake fahimta idan fasto ya ce an cece shi ta wurin alheri?

2.0 Asalin Kalmomin

"Alheri" aro ce daga Larabci, al-khair. "Jinƙai" kuwa haɗi ne na "ji" da "ƙai", wato mutum ya ji zafin halin da wani yake ciki. Wannan ya yi kusa da kalmar Ibrananci rahamim, wadda take da tushe ɗaya da sunan mahaifa, kuma 'yar'uwar "rahama" ce da Hausa ta aro daga Larabci. A tauhidin Kirista, jinƙai yana duban wahalar mai zunubi ya ɗauke masa hukunci, alheri kuma yana ba shi abin da bai cancanta ba.

A nan ne gizo yake saƙa. Bahaushe yana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, yana kuma cewa alheri gadon barci ne. Duk karin maganar biyu suna ɗauke da tsammanin sakamako. Shi kuwa Manzo Bulus, a Afisawa 2:8-9, ya nace cewa ceto ba ladan aiki ba ne, don kada kowa ya yi fahariya.

3.0 Muhawarar a Tarihi

Wannan ja-in-ja ta daɗe. A farkon ƙarni na 5, wani malami mai suna Felajiyus ya koyar cewa mutum yana da ikon yin biyayya ga Allah da ƙoƙarin kansa. Agustin, bishop na Hiffo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya ce ko niyyar tuba ma Allah ne yake dasa ta. Majalisar Kartaj ta 418 ta yi watsi da ra'ayin Felajiyus. Maganar ta sake tashi a zamanin Martin Luther, ba a kuma sami matsaya ɗaya tsakanin Katolika da Lutharan ba sai a sanarwar Augsburg ta 1999. A ɗaya ɓangaren, Dietrich Bonhoeffer ya yi gargaɗi a 1937 game da alheri mai araha, wato wa'azin gafara ba tare da tuba ba. John Barclay (2015) ya nuna cewa a wurin Bulus ana ba da kyautar Allah ba tare da duban cancanta ba, amma ana sa ran ta haifar da amsa.

4.0 Tukwici a Matsayin Mabuɗi

Idan maƙwabciya ta aiko yaro da kwanon tuwo, uwargida takan juye abincin, ta wanke kwanon, ta sa wa yaron ɗan kuɗi ko goro a hannu. Ba wanda zai ce ta sayi tuwon. Abin da ta bayar bai kai darajar kyautar ba, kuma sai da kyautar ta iso sannan ta bayar. Duk da haka, wadda ta sallami yaron hannu rabbana ta nuna ba ta san darajar abin da aka yi mata ba. Shi ya sa ake cewa yaba kyauta tukwici.

Misalin bawa marar yafiya a Matiyu 18:23-35 yana tafiya a kan wannan tsari. Sarki ya yafe wa bawansa bashin talanti 10,000. Talanti ɗaya kusan dinari 6,000 ne, dinari kuwa ladan wuni guda ne na ɗan ƙwadago. Bawan ya fita, ya shaƙe abokin aikinsa a kan dinari 100. Tun farko ya kasa biyan bashin, kuma sa'ad da aka yafe masa ba a nemi ya biya komai ba. Abin da aka jira daga gare shi tukwici ne, wanda zai faɗa hannun na kusa da shi. Haka Afisawa 2:10 ta jera ayyukan kirki bayan ceto, Titus 2:11-12 ta nuna alheri yana horar da mai bi, wasiƙar Yaƙub kuma ta ɗauki bangaskiyar da ba ta ciyar da mayunwaci a matsayin matacciya.

Kwatancin yana da iyaka. Uwargida daga aljihunta take ciro tukwici, amma bisa koyarwar Agustin, har abin da mai bi yake mayarwa daga taskar Allah ya fito.

5.0 Kammalawa

Mai wa'azi da Hausa ba ya bukatar yaƙi da karin maganar kakanninsa. Abin da yake wuyansa shi ne ya daidaita jerin abubuwan: kyauta ce take fara isowa, sannan tukwici ya biyo baya. Riƙon amana a kasuwa, haƙuri da maƙwabci ko da addininsu ya bambanta, da yafe wa wanda ya cuce ka, su ne shaidar cewa alherin Allah ya iso gidan kuma an san darajarsa.