Daga Gandu Zuwa Fansho: Tarihin Bambancin Lafiya Tsakanin Tsofaffi a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Sau da yawa akan ji ana cewa a zamanin da tsofaffin ƙasar Hausa duk cikin gata suke, sai da boko da kuɗi suka zo sannan aka sami mai shi da marar shi. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa bambanci tsakanin tsohon da ke samun kulawa da wanda ba ya samu daɗaɗɗen abu ne. Abin da ya sauya cikin shekaru ɗari da suka wuce shi ne ma'aunin da ke raba su.

Zamanin Gandu

Kafin zuwan Turawa, da ma bayan zuwansu, madogarar manomi in ya tsufa ita ce gandu, wato tsarin da 'ya'ya maza, har waɗanda suka yi aure, ke noma gonar mahaifinsu, shi kuwa ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu aure, ya kuma yanka wa kowannensu gayauna. Idan ƙarfin maigida ya ƙare, rumbunsa ba ya ƙarewa, domin akwai masu cika shi.

Amma ba kowa ke da gandu ba. Binciken da Polly Hill ta yi a Batagarawa kusa da Katsina, wanda aka buga a 1972, ya nuna cewa gandu ya fi ƙarfi a gidajen manoma masu hali. Talakan da gonarsa ba ta kai ta riƙe 'ya'yansa ba, sai su watse neman ƙwadago, shi kuma ya ci gaba da riƙon fartanya har jiki ya ƙi. Haka ma tsohuwar da ba ta da ɗa, abin dogararta bai wuce 'yar sana'ar hannu da sadakar maƙwabta ba.

Zamanin Turawa

Mulkin mallaka ya kawo abubuwa biyu da suka taɓa wannan tsari. Na farko shi ne kuɗi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, haraji kuma sai da tsabar kuɗi ake biyansa. Saurayi ya gane yana iya samun nasa ba tare da jiran maigida ba, ta hanyar noman gyaɗa ko tafiya cin rani.

Na biyu shi ne fansho. Dokar fansho ta 1951 ta tanadar wa ma'aikacin gwamnati abin da zai riƙa karɓa bayan ya bar aiki. Daga nan aka sami sabon rukunin tsofaffi, 'yan kaɗan, waɗanda madogararsu takarda ce. Su ne kuma mazauna birane, inda aka gina asibitocin En'e da na gwamnati.

Bayan Samun Mulkin Kai

Gwamnatocin da suka biyo baya sun ɗora ne a kan wannan harsashi. Dokar soja mai lamba 102 ta 1979 ma'aikatan gwamnati ta shafa. A 1986 aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, magungunan da ake sayowa daga waje suka yi tsada, har shi ɗan fanshon ya ji a jikinsa. Dokar 2004 ta kawo tsarin da ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki ke tara kuɗi tare, inshorar lafiya ta ƙasa kuma da ta fara aiki a 2005 ma'aikatan tarayya suka fi cin moriyarta. Sai a 2019 aka buɗe ƙaramin tsarin fansho don masu sana'ar kansu, a 2022 kuma sabuwar dokar inshorar lafiya ta sanya tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a tallafa wa.

Illar wannan tarihi a kan lafiya a bayyane take. Cututtukan tsufa, irin su hawan jini da ciwon sukari, ba sa warkewa da magani na rana ɗaya, kullum sai an saya. A Nijeriya kuwa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa. Yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki, amma tsohon da ba shi da kuɗin mota da na asibiti sai ya makance, daga nan sau da yawa sai bara.

Kammalawa

Ana iya cewa tsohon manomi da tsohuwar mai ƙuli-ƙuli sun yi biyu babu: gandu ya raunana, fansho bai iso gare su ba. Yawan tsofaffi kuwa ƙaruwa yake yi. Saboda haka duk tsarin da ya jingina lafiyar tsoho da irin aikin da ya yi yana saurayi, zai ci gaba da barin mafi yawan tsofaffin ƙasar Hausa a baya.