Daga Wuƙar Tabibi Zuwa Ruwan Da Ke Daskarewa a Jijiya

A zamanin da masaƙun Kakuri da Makera ke ruri dare da rana, tun bayan buɗe Kaduna Textiles a 1957, idan ma'aikaci ya dafe ƙeya ya ce kansa zai tsage, sa'an nan ya yanke jiki ya faɗi, abin da jama'a kan ce shi ne iska ta buge shi, sai a nemo wanzami ya kafa masa ƙaho ko malami ya yi masa tofi, alhali kuwa wani lokaci illar tana can cikin ƙwaƙwalwa, inda bangon wata jijiyar jini ya yi rauni, ya kumbura tamkar ƴar jaka, har ya fashe.

Hukama'u na da ba su jahilci irin wannan kumburi ba. Abul Ƙasim Zahrawi na Ƙurɗuba ya yi sharhinsa a cikin littafinsa Attasrif, ya kuma gargaɗi tabibi da kada ya yi gaggawar tsaga shi. Amma abin da ƙoƙon kai ya rufe ya gagari idonsu, sai a 1927, sa'ad da Egas Moniz na Lisbon ya zuba rini a jijiyar wuya ya ɗauki hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A 1937 Walter Dandy ya buɗe kan wani majiyyaci a Baltimore ya matse wuyan jakar da ɗan maƙali na azurfa. Wannan fanni na tiyatar ƙwaƙwalwa ne Latunde Odeku ya kafa a Ibadan a 1962.

Daga bisani masana suka ga hikimar shiga ta cikin jijiyar kanta. Serbinenko a Mosko ya gwada balan-balan, Guglielmi kuma a 1990 ya cusa lallausar waya ta filatinam. To, amma jakar da bakinta ke da faɗi ba ta riƙe waya, kuma a nan ne aka koma ga ruwa. Maganin da ake kira Onyx roba ce narkakkiya, gauraye da garin tantalam domin ta bayyana a hoto. A zura siririn bututu daga jijiyar matsematsi har cikin jakar, a hura balan-balan a toshe bakinta, a riƙa ɗiga maganin sannu a hankali, ruwan da ya narkar da robar ya bi jini ya watse, ita kuwa ta daskare daga waje zuwa ciki. Aiki ne na mai haƙuri, domin ɗigo guda in ya kuɓuce ya toshe lafiyayyar jijiya, ɓarin jiki na iya shanyewa.

Amurka ta halatta Onyx ga irin waɗannan jakunkuna a 2007, amma bai daɗe a gaba ba, gama a 2011 aka amince da wata ragar ƙarfe mai karkatar da jini daga bakin jakar, likitoci suka raja'a gare ta. A yau an fi amfani da ruwan wajen toshe curin jijiyoyin da suka harɗe da juna.